Dala ta taso daga Amurka, nawa za ta iso Kano?

Jingar farko da na yi wa wani kamfanin ƙasar waje fassara ce, shafi arba'in da 'yan kai, daga Turanci zuwa Hausa. Muka daidaita a kan dala 300. Ranar da matar da ke kula da aikin ta rubuto cewa an biya, ko tuwon dare ban ci da natsuwa ba, hannu ɗaya a kwano, ɗaya a waya. Kwana tara ina dakon alat. Da ya shigo, dala 262 na gani. Na koma wa matar, ta turo rasit, ga 300 nan cif. Na tafi banki, yarinyar da ke kan tebur ta juyo min fuskar kwamfutarta ta ce, "Yallaɓai, iyakar abin da ya zo mana ke nan." A cikinsu babu wadda ta yi min ƙarya. Dala 38 ta zube ne a tsakani, a hannun wasu bankuna da ni da matar ba mu san da zamansu ba.

Yanzu matasan da ke irin wannan jinga ta intanet sun yi yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Wani fassara yake yi, wani rubuta manhaja, wani zanen tambari, wata tace bidiyo, wasu kuma duba bayanan da ake koya wa kwamfuta harshe da su. Masu koyar da yadda ake samo aikin sun cika gari, kowa da ajinsa a WhatsApp. Amma yadda ladan aikin zai baro hannun mai shi ya iso naka, wannan sai ka faɗa ciki ka koya da asararka.

Mu fara da abin da ya cinye min dala 38. Mutane na cewa "an turo ta SWIFT" kamar wata mota ce da ke ɗauko kuɗi. SWIFT ba ta ɗauko ko sisi. Ƙungiya ce ta bankuna da aka kafa a 1973, hedikwatarta na Beljiyam, aikinta isar da saƙo daga banki zuwa banki: a cire kaza daga asusun wane a saka wa wane. Ita dalar ba ta barin Amurka. Bankinka na nan gida yana da nasa asusun a wani babban banki a New York, can ake zuba masa, shi kuma ya rubuta maka adadin a littafinsa. Idan bankin mai biyanka da bankinka ba su da hulɗa kai-tsaye, sai saƙon ya ratsa ta banki na uku, wani lokaci har na huɗu, kowanne kuma sai ya gutsuri ladan tsayuwarsa. Kamar kayan da aka ɗora daga Legas ne aka sauke a Ilori aka sake ɗorawa, kowace tasha ɗan kamasho na jira.

A takardar turo kuɗin akwai wani ɗan gurbi mai haruffa uku da yawancinmu ba mu san shi ba. Idan mai biya ya zaɓi OUR, shi zai ɗauki duk cajin hanya. Idan SHA ne, ya biya na bankinsa, sauran a wuyanka. Idan BEN ne, komai daga cikin kuɗinka za a yanka. Yawancin kamfanoni SHA suke bari, ba don mugunta ba, haka suka tarar da fom ɗin. Cajin kuma ba ya duba ƙanƙantar kuɗi: abin da za a cire a dala 300 kusan shi za a cire a dala 5,000. Shi ya sa wannan hanya ta dace da mai albashin wata ko mai babbar kwangila, amma ga mai ƙananan jinga ɓarna ce. Idan kuɗi suka maƙale, takardar da ake kira MT103 za ka nema wajen mai biya, da ita bankinka zai bi sawu.

Kafin ma a zo nan sai kana da asusun dala, wanda kowa ke kira "dom". Buɗe shi ba wuya ba ne can, amma akwai jeka-ka-dawo: BVN, NIN, takardar wuta ko ta ruwa, da mutum biyu masu asusun karent da za su tsaya maka. Amfaninsa guda ne, kuma babba: dala ta shigo a matsayin dala, kai za ka zaɓi ranar da za ka canza da wanda za ka canza a wajensa. Riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wanda kuma ya samu aikinsa a dandali irin su Fiverr ko Upwork, tun kafin kuɗin su kama hanya an riga an taɓa su. Fiverr kashi 20 cikin ɗari take ɗauka a kowane aiki, sannan ta riƙe ragowar kwana 14 kafin ka iya cira. Upwork ta sha sauya nata tsarin, a 2023 ta mayar da shi kashi 10, daga baya ta sake shi ya zama yana hawa da sauka gwargwadon irin aikin. Masu ƙorafi a kan wannan la'ada ban cika goyon bayansu ba. Dillalin da ya kawo maka mai saye daga Kanada, ya karɓi kuɗin ya ajiye kafin ka fara aiki don kada a cinye maka gumi, ya cancanci hakkinsa. Wanda ya taɓa yin aikin mako uku mai aikin ya ɓace, ya san darajar kashi 20 ɗin nan. Matsalar ita ce mutum ya yi ciniki ya manta da ita.

Daga dandali kuɗi sukan faɗa Payoneer, wani kamfanin Amurka da aka kafa a 2005, wanda ya daɗe yana zama gadar 'yan jingar Najeriya. Abin da yake yi shi ne ya ba ka lambar asusu a Amurka ko Ingila ko Turai, mai biyanka ya tura kamar yana biyan maƙwabcinsa, babu bankin tsakani, babu dogon jira. A 'yan shekarun nan kamfanonin da 'yan Najeriya suka kafa, irin su Grey da Raenest da Cleva, sun shigo da irin wannan tsari a manhajar waya. Sun sauƙaƙa rayuwa ƙwarai, wannan ba a musu. Sai dai a fahimci abu ɗaya: lambar nan da aka ba ka ba kai ne ka buɗe asusu a bankin Amurka ba. Kamfanin ne ke da alaƙa da bankin, kai ɗan haya ne a ɗakin da shi ma kama shi ya yi. Ranar da bankin can ya ce ya fasa, sai ka wayi gari da saƙo cewa lambarka ta canza ko an dakatar da karɓa, alhali ka riga ka bai wa mutum uku tsohuwar.

Inda ake yanka ba a ga jini

Yawancin cajin da na lissafa a rubuce suke, kana gani. Babbar asarar a wajen canji take, ita kuma ba ta da rasit.

Mu ɗauka ka yi aikin dala 500 a Fiverr. An cire kashi 20, saura 400. A ce ranar dala tana naira 1,500 a kasuwa, manhajar da kake cira da ita kuma ta ba ka 1,455. A fuskar waya za ka ga an rubuta cajin cira ɗan kaɗan ne, ko ma babu. Amma naira 45 sau 400, naira 18,000 ke nan ta tafi ba sallama. Aikin da ka ƙiyasta a zuciyarka naira 750,000 ya dawo 582,000. Duk manhajar da ta ce maka kyauta take turo kuɗi, duba farashin da take ba ka ka gwada da na kasuwa a wannan sa'ar. A nan take cin abincinta.

Wannan giɓi na kashi biyu ko uku wasan yara ne idan aka tuna yadda ake kafin watan Yunin 2023. A lokacin farashin gwamnati yana wajen naira 460, a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kuwa dala ta kai wajen 750. Mutum biyu za su yi aiki iri ɗaya, kowa dala 1,000. Wanda kuɗinsa suka biyo hanyar da ke juya su naira a farashin hukuma ya tashi da 460,000. Wanda nasa suka sauka a dom, ya ciro takardun dala ya hau adaidaita zuwa Fagge, ya tashi da 750,000. Bambancin naira 290,000, ba don wani ya fi wani iya aiki ba. Shekarun nan ne suka koya wa 'yan jinga cewa abin tambaya shi ne: a hannun wa dalar za ta zama naira?

Ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira, cikin 'yan kwanaki farashin hukuma ya kamo na bayan fage. A farkon 2024 ta sake faɗuwa har ta haura 1,500. Tun daga nan giɓin ya ragu sosai, zuwa Wapa ya daina zama dole kamar da. Amma dokar kan juya kamar iskar damina. A Disambar 2020 bankin ya umarci kamfanonin turo kuɗi irin su Western Union da MoneyGram su riƙa biyan mutane da dala. A Maris 2021 har tukuici ya sa, naira biyar a kan kowace dalar da aka turo. A ƙarshen Janairun 2024 kuma ya juya ya ce da naira kaɗai za su biya. Cikin shekara uku da 'yan watanni, hanya ɗaya ta tashi daga mafi riba ta koma wadda ba ka da ta cewa a farashinta. Wanda ya ba ka shawara bara, ba lallai ta yi aiki bana ba.

Shi ma ɗan canji yana da nasa ƙa'idoji da ba a rubuta ba. Na taɓa kai wa wani dattijo a Wapa dala 400, uku 'yan ɗari-ɗari sababbi masu shuɗin zare, sauran 'yan ashirin-ashirin. Ya ware su gida biyu a kan cinyarsa, ya faɗi farashi biyu. Na ce, "Alhaji, ai duk dala ce." Ya ce, "Ɗana, duk dala ce a wajenka. Wanda zan sayar wa Dubai za shi, ba ya son tarkace." Tun daga ranar, idan zan ciri kuɗi a banki nakan roƙi mai biya ya ba ni manya kuma sababbi.

Sai kuma kirifto, wadda matasa da yawa suka koma wa. Mai aiki ya turo USDT, wani sulallan intanet da aka ɗaure darajarsa da dala, cikin minti kaɗan ya shigo, caji bai taka kara ya karya ba, babu ranar hutu. Ka sa a kasuwar mutum-da-mutum, wani ya turo maka naira ka sakar masa. A sauri da farashi babu hanyar da ta kama ƙafarta. Haɗarinta a ƙarshen ne: ba ka san wanda ya turo maka nairar ba, ba ka san inda ya samo ta ba. Idan kuɗin sata ne ko na damfara, mai bin sawu asusunka zai tarar, a rufe shi, ka yi ta zarya kana rantsuwa. A Afrilun 2024 wata kotun tarayya a Abuja ta ba hukumar EFCC izinin rufe asusu sama da dubu da ake zargi da hada-hadar canji ba bisa ƙa'ida ba. Ita kanta gwamnati ta daɗe tana kai-kawo a kan lamarin: a Fabrairun 2021 an hana bankuna taɓa harkar, a Disambar 2023 aka ɗage hanin, bayan wata biyu aka tsare jami'ai biyu na Binance, babban kamfanin cinikin kirifto, a Abuja, a Maris 2024 kamfanin ya rufe duk harkarsa ta naira. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Malamai ma ba su haɗu a kan hukuncinta ba, ga kuma sharaɗin da fiƙihu ya sa a canjin kuɗi cewa a yi shi hannu da hannu. Ni dai ina ganin wanda zai bi ta nan ya ware mata asusun banki dabam, ba wanda kuɗin cefane da na makarantar yara ke ciki ba.

Me ya sa ƙofofi ke rufe mana?

PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, ta shigo Najeriya a 2014, amma da ƙafa ɗaya: a lokacin ka iya biya, ba ka iya karɓa. Shekaru aka kwashe a haka, alhali ita ce hanyar da ƙananan masu ba da aiki a Amurka da Turai suka fi sabawa da ita. Ayyuka nawa ne suka suɓuce saboda mai aikin ya ce shi PayPal kawai ya sani? Wasu suka shiga buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, suna ɓoye inda suke. Abin kan tafi daidai har ranar da kuɗi masu kauri suka shigo, a nemi shaidar zama a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, a riƙe kuɗin wata shida.

Dalilin wannan ƙyama ba ɓoyayye ba ne. Wake ɗaya ke ɓata gari, mu kuwa namu waken ya fi ɗaya. 'Yan damfarar intanet sun ɓata sunan ƙasar, sannan a Fabrairun 2023 hukumar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake ƙara sa wa ido. Ga bankin waje, hakan na nufin kowane abokin hulɗa daga nan sai an kashe kuɗi da lokaci wajen bincikensa, kuma ɗan jingar da ke karɓar dala 600 a wata bai kai a yi wannan wahala dominsa ba. Rufewa ta fi musu araha. A tsakiyar 2024 kamfanin Mercury na Amurka, wanda masu ƙananan kamfanonin fasaha ke ajiya a wajensa, ya sanar da rufe asusun waɗanda ke zaune a wasu ƙasashe har da Najeriya. An cire ƙasar daga jerin na FATF a Oktoban 2025, sai dai bankuna ba sa saurin mantuwa.

Akwai kuma wata matsala da ta fi damunmu mu 'yan Arewa, wadda ba na jin ana faɗa: suna. Mutum ɗaya, a BVN Mohammed, a NIN Muhammad, a fasfo Muhammed, a dandalin aiki kuma ya rubuta Moh'd. Wani a makaranta sunan garinsu aka sa masa a ƙarshe, a banki sunan mahaifi, a fasfo sunan kaka. Mace ta buɗe asusu da sunan mahaifinta, ta yi fasfo da na miji. Ga ranar haihuwa, rabin unguwa 1 ga Janairu. A nan gida ma'aikacin banki ya san Abubakar da Bukar da Habu duk mutum ɗaya ne. Na'urar da ke tantancewa a can ba ta sani ba, harafi take kwatantawa da harafi, ta kuma gwada sunanka da jerin waɗanda aka sa wa takunkumi, inda masu suna irin namu ba su yi kaɗan ba. Sau da yawa kuɗin da aka ce "ana dubawa" ba wani laifi aka gani ba, harafi ɗaya ne ya bambanta. Gyaran suna a takardu yana da cin rai, amma ya fi sauƙi a yi shi tun babu kuɗin kowa a rataye.

Kusa da wannan akwai aron asusu. Aboki ya ce, "Don Allah a turo ta naka, nawa bai gama buɗewa ba." Ko wani baƙon mai aiki ya turo fiye da abin da kuka yi, ya ce kuskure ne, ka mayar da rarar zuwa wata lamba dabam. Na biyun tsohuwar damfara ce: kuɗin farko na sata ne, za a janye su, wanda ka mayar kuwa daga aljihunka ya fita. Na farkon ma, ko abokin na kirki ne, ranar da aka tambaye ka aikin me ka yi aka biya ka, ba ka da takardar nunawa.

Batun haraji ba zan daɗe a kai ba. Kamfanin Amurka zai turo maka fom mai suna W-8BEN, shaida ce kawai cewa kai ba ɗan ƙasarsu ba ne, kuma aikin da ka yi kana zaune a nan ba a cire masa harajinsu. Masu tashar YouTube, ciki har da masu fina-finan Hausa masu dogon zango, nasu dabam ne: tun 2021 ana cire kashi 30 daga abin da suka samu ta masu kallo da ke Amurka, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu. A gida kuwa, dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 ta farko a shekara, daga nan a riƙa hawa har kashi 25 ga masu manyan kuɗi, kuma mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga ina ya fito. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiharka ce mai karɓa. Ba mai aikin da zai cire maka a albashi, kai za ka kai kanka.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su san ciwon kan canjin nan kamar mu ba, domin sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro ɗaya, ba ta motsi. Amma bayan juyin mulkin Yulin 2023, da ECOWAS da ƙungiyar ƙasashen sefa suka ƙaƙaba takunkumi, sun ga yadda kuɗi ke tsayawa cak a hanya saboda abin da bai shafi aikin kowa ba, har zuwa Fabrairun 2024.

Kamfanin nan na farko na ci gaba da yi masa aiki. Da jinga ta biyu ta zo, kafin mu yi maganar kuɗi na tambayi matar ta wace hanya suke biya, wa ke ɗaukar caji, kwana nawa bayan miƙa aiki. Ta ce ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, bari ta tambayi akawunsu. Washegari ta dawo ta ce ba za su iya sauya SHA ba, tsarin kamfani ne. Na ce to a tara min aiki uku a biya lokaci ɗaya, a kuma ƙara dala 40 a kan jimillar. Ta amince cikin minti goma. Kuɗin sun yi kwana shida a hanya, dala 35 aka cire.